Taswirar Nichols Ba Ta Tsufa Ba: Martani Ga Mai Neman A Cire Ta Daga Manhaja

Na karanta maƙalar da wani babban malaminmu a fannin injiniyan lantarki ya rubuta kwanakin baya, inda ya nemi a cire taswirar Nichols daga darussan sarrafa na'ura da ake koya wa ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin fasaha. Sau biyu na karanta ta, na biyun da fensir a hannu. Malam ya girme ni a shekaru, ya riga ni shiga aji, kuma da yawa daga cikin abin da ya faɗa game da cunkoson manhaja gaskiya ne. Amma a kan wannan taswira ban yarda da shi ba, kuma ina ganin idan aka bi shawararsa za mu yaye injiniyoyi masu iya danna kwamfuta waɗanda ba su ganin haɗari sai ya faɗa musu.

Hujjojin Malam ga su a taƙaice. Ya ce an ƙirƙiro taswirar ne a zamanin da babu kwamfuta, don a sauƙaƙa wa mutum lissafin da yau na'ura ke gamawa kafin ƙiftawar ido. Ya ce duk abin da ke cikinta yana cikin zanen Bode, wanda ɗalibi ya riga ya koya. Ya kuma ce tana ɓoye saurin kaɗawa, wanda shi ne ginshiƙin nazarin baki ɗaya. Saboda haka, a ganinsa, makonnin da ake ɓatawa a kanta gara a ba sababbin darussa.

Kafin in amsa, ya kamata mai karatu da ba ɗan fannin ba ya san abin da ake jayayya a kai, domin abu ne da kunnensa ya sha ji. Duk wanda ya zauna kusa da janareta ya san wani lokaci da injin yake haki: ya yi ruri sama, ya sauko kamar zai mutu, ya sake hawa, ƙwan fitila na haske yana dushewa tare da shi. Abin da makanikai ke kira gwamna ne ke wannan aiki. Aikinsa ya ji saurin injin, idan ya ragu ya ƙara mai, idan ya ƙaru ya rage. Wannan shi ne madauki: na'ura ta auna sakamakon aikinta, ta dawo da labarin, ta gyara kanta. Matsalar ita ce gyaran ba ya zuwa nan take. Yana makara. Mai son tsayar da lilo yana sa hannu ne lokacin da lilon ke tahowa gare shi. Idan hannun ya makara da rabin zagaye, ya zama turawa yake yi, lilon kuma sai ƙara tashi. Rabin zagayen nan shi ne digiri 180. Idan gyara ya makara da digiri 180, kuma ya dawo da ƙarfin da ya kai na kuskuren da aka aike shi ya gyara, to madaukin ya fara ciyar da kansa, hakin ba zai tsaya ba.

Don a san nisan na'ura da wannan hali, sai a buɗe madaukin, a riƙa kaɗa mashigarsa a hankali, sannan da sauri, sannan da sauri ƙwarai. A kowane sauri ana rubuta lambobi biyu: ninkin da amsa ta fito da shi, wanda ake aunawa da desibel, da kuma makarar da ta yi, da digiri. Desibel 0 na nufin amsa ta fito daidai da abin da aka shigar, desibel 6 kusan ninki biyu ne, desibel 20 ninki goma. Hendrik Bode ya ɗauki lambobin nan ya yi musu zane biyu, ɗaya a saman ɗaya, kowanne yana tafiya da saurin kaɗawa. Harry Nyquist, a takardarsa ta 1932, ya ɗora su a fili mai zagaye, inda ninki yake nisa daga tsakiya, makara kuma kwana. Nathaniel Nichols ya yi abu na uku: ya sa ninki a tsaye, makara a kwance, ya haɗa ɗigogin da layi guda. A wannan fili akwai wurin da aka fi tsoro, wato mahaɗar desibel 0 da makarar digiri 180. Ni a aji rijiya nake kiran wurin, kuma da sunan zan ci gaba a nan.

Game da tarihi, Malam ya faɗi rabin gaskiya. Nichols ma'aikacin kamfanin Taylor Instrument ne a Rochester, kuma shi da John Ziegler ne suka fitar da ƙa'idojin saita na'urar sarrafawa a 1942, waɗanda har gobe ake kira da sunayensu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma ɗakin binciken rada na jami'ar MIT, inda ake fama da yadda eriya za ta riƙa bin jirgin sama da kanta ba tare da ta yi ta rawa ba. Taswirar ta fito a littafin Theory of Servomechanisms na 1947, wanda ya haɗa shi da Hubert James da Ralph Phillips. Lallai ta rage wa mutanen wancan zamani wahalar lissafi. To amma rage lissafi ɗaya ne daga cikin ayyukanta, kuma shi kaɗai kwamfuta ta karɓa. Sauran suna nan, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Na farko shi ne yadda layin ke motsi idan injiniya ya taɓa abin da ke hannunsa. Me ke hannun injiniya a wurin aiki? Maɓallin ninki. Idan ya murɗa shi, a taswirar Nichols layin gaba ɗayansa yana hawa sama ko ya sauka ƙasa, siffarsa ba ta canja ko kaɗan. Kamar mutum ya zana layin a farar leda ya riƙa zame ta a kan taswirar. A zanen Nyquist layin kumbura yake yi ko ya tsuke, ɓangaren da ke nesa ya fice daga takarda, na kusa ya dunƙule a tsakiya. A zanen Bode layin sama ne ke motsi, sai ka gangaro da ido zuwa na ƙasa ka nemo abin da ya faru. A Nichols kuwa tazarar da ke tsakanin layi da rijiya a tsaye ita ce rarar ninki, tazarar da ke kwance ita ce rarar makara, duka biyun a kallo ɗaya, da ma'aunin da injiniya ke magana da shi.

Bari in kawo misalin da ke cikin kusan kowane littafin koyarwa, madauki mai siffar K/[s(s+1)(s+2)], inda K shi ne abin da maɓallin ninki ke canjawa. Wannan yana kaiwa makarar digiri 180 a saurin radiyan 1.41 a daƙiƙa, kuma a nan ninkinsa K ne a raba shida. Ke nan idan K ya kai 6 an faɗa rijiya. A sa K ya zama 2: rarar ninki ta zama ninki uku, wato desibel 9.5, layin kuma ya tsallaka desibel 0 a saurin 0.75 da makarar kusan digiri 147, rarar makara ta zama kusan digiri 33. Ɗalibin da ke kallon Bode zai ga lambobin nan biyu, ya ce na'urar ba za ta yi haki ba, kuma ya yi gaskiya. Abin da ba zai gani ba shi ne yadda za ta kasance bayan an rufe madaukin.

Nan ne maganar Malam ta cewa komai yana cikin Bode ta gaza. A kan taswirar Nichols an riga an zana wasu layuka masu kewaye rijiya, kamar zobba a cikin zobba, kowanne da lambarsa. Lambar tana faɗin ninkin da rufaffen madauki zai bayar idan layin buɗaɗɗen madauki ya bi ta wurin. Zoben da ya fi matsowa ciki wanda layinka ya shafa, shi ke gaya maka iyakar yadda na'urar za ta zabura. A misalinmu, da K yana 2, layin yana shafar zoben da ya ɗan haura desibel 5: akwai saurin da idan aka kaɗa na'urar da shi za ta mayar da amsa ninki 1.8 na abin da aka nema. Ba ta faɗa rijiya ba, amma tana rawa a bakinta, za ta wuce inda aka ce ta tsaya, ta dawo, ta sake wucewa kafin ta natsu. Yanzu a zame layin ƙasa da desibel 6, wato K ya koma 1. Rarar makara ta haura digiri 53, zoben da layin ke shafa ya koma na kusan desibel 1. Ɗalibi ya ga wannan da idonsa, ya ga abin da ya saya da abin da ya biya, domin ɗigon da ke kan desibel 0 yanzu na saurin 0.45 ne ba 0.75 ba: na'urar ta natsu amma ta yi nauyin jiki. Zanen Bode na buɗaɗɗen madauki ba ya ɗauke da waɗannan zobba. Sai ka sake wani lissafi, ka sake wani zane, sannan ka kwatanta.

Malam zai ce ai kwamfuta za ta yi wannan zane na biyun cikin daƙiƙa. Haka ne. Sai dai za ta nuna maka sakamako ne, ba za ta nuna maka inda za ka tura layin ba. Mai tsara na'ura tambayarsa ita ce: wane ɓangare na layin ne ya kusanci rijiya, kuma da nawa zan janye shi dama ko in sauke shi ƙasa? Amsar wannan tambaya a fuskar taswirar Nichols take.

Akwai kuma wani tarko da na fi jin tsoro, wanda ban ga Malam ya ambata ba. Rarar ninki da rarar makara aunawa biyu ne kawai, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Yana yiwuwa duka biyun su yi kyau, a ce desibel 10 da digiri 60, amma tsakanin wuraren aunawar nan biyu layin ya lanƙwaso ta kusurwa ya shafi bakin rijiya. Ƙaramin canji a ninki haɗe da ƙaramin canji a makara, waɗanda kowannensu shi kaɗai ba komai ba ne, sai su haɗu su jefa na'urar ciki. A Bode wannan lanƙwasa tana rabuwa biyu, rabi a zanen sama rabi a na ƙasa, ido ba ya haɗa su sai na wanda ya goge ƙwarai. Kwamfuta kuma za ta buga maka lambobin biyu masu kyau, ka rubuta a rahoto ka sa hannu. Hausawa sun ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ɗalibin da ya san lambobi biyu kawai, bai taɓa ganin siffar layin a gefen rijiya ba, ban san sunan da ya dace da shi ba in ba wannan ba.

Na taɓa ganin irin haka a ɗakin gwaji. Wata ɗaliba tana saita madaukin saurin ƙaramar mota mai juya faifai, an haɗa motar da faifan da sanda siririya mai ɗan lanƙwasuwa. Lambobinta a allo sun yi kyau, amma da zarar ta ɗora wa faifan ƙarin nauyi sai ya fara wani kuka siriri, teburin yana karkarwa har biron da ke kai ya gangaro ƙasa. Ta shafe kwana biyu tana duba waya da soda, tana zaton wani abu ne ya kwance. Na ce ta ɗauki lambobin da ta auna ta ɗora ninki a kan makara. Da layin ya fito, ga wani ƙulli ya kumburo daga ƙasa, inda sandar ke amsa kaɗawa, ya miƙo kai har kusa da rijiya. Ta sa yatsa a kan allon ta ce, "Malam, ai ga shi nan." Ban ƙara mata bayani ba, ita ta nemo matatar da za ta danne wannan ƙullin.

Batun cewa taswirar tana ɓoye saurin kaɗawa kuwa, na amince. Aibi ne na gaske. Layin ba ya faɗin saurin kowane ɗigo sai an rubuta a gefensa, kuma wanda ke son sanin faɗin saurin da na'ura ke iya bi, ko inda hayaniyar ma'auni ke shigowa, Bode ya fi masa. Ban taɓa cewa a jefar da Bode ba, ba kuma na fara koyar da Nichols sai ɗalibi ya iya Bode da hannunsa. Amma zanen Nyquist ma yana da wannan aibi daidai wa daida, Malam kuma bai nemi a cire shi ba.

Da a ce taswirar kayan tarihi ce, da waɗanda kuskurensu ke cin rai sun riga kowa yar da ita. Ba su yar ba. Masu tsara na'urar tuƙin jirgin sama suna aiki da ƙa'idar rarar desibel 6 da digiri 45, wadda sojan saman Amurka suka daɗe da rubutawa, kuma a Turai hanyar da aka saba tabbatar da irin wannan sharaɗi ita ce a zana wani akwati kewaye da rijiya a taswirar Nichols, a ce layi kada ya shiga ciki a kowane tsayi, kowane gudu, kowane nauyin kaya. Masu harba roka ma haka. Roka dogon bututu ne mai lanƙwasuwa, ga mai yana tangaɗi a cikin tankuna, ga iska tana neman kifar da ita. Layinta yana tsallaka makarar digiri 180 fiye da sau ɗaya, yana iya zarcewa har wata rijiyar a digiri 540, kuma yakan ratsa ta saman rijiya ya kewayo ta dama ya dawo ta ƙarƙashinta. Ma'anar wannan ita ce ƙara ninki haɗari ne, rage shi ma haɗari ne. Ɗalibin da aka koya wa cewa rage ninki kullum shi ne mafita zai yi ɓarna a irin wannan na'ura, a taswirar Nichols kuwa yana ganin rijiyar a rungume, ya san babu sararin hawa da yawa, babu na sauka. Mutanen nan suna da kwamfutocin da suka fi namu nesa ba kusa ba. Su kansu masu shirin kwamfuta na MATLAB sun ajiye umarni na musamman mai sunan Nichols, da wani mai shimfiɗa zobban a bayansa.

Sai aikin Isaac Horowitz, wanda a ganina shi ya fi shafar mu. Horowitz ya tsaya a kan cewa dalilin yin madauki tun farko shi ne ba mu san na'urarmu sarai ba: tana tsufa, zafi na canja ta, kaya na ƙaruwa yana raguwa. Saboda haka a kowane sauri ba ɗigo ɗaya gare ta ba, gungun ɗigogi ne, wani ɗan fili mai siffa. Ya gina hanyarsa ta tsara na'ura a kan taswirar Nichols saboda dalili guda: a can, duk abin da na'urar sarrafawa za ta yi wa wannan fili shi ne ta zame shi sama ko ƙasa, hagu ko dama, ba ta juya shi, ba ta kumbura shi, tunda desibel tarawa ake yi, digiri ma tarawa ake yi. Sai ka yanki siffar, ka riƙa zame ta har ka sami inda ko gefenta ba ya taɓa zoben da ka haramta. Injiniyan da zai yi aiki a inda zafin Afrilu ke gasa akwatin inbata, inda janareta ɗaya ke ɗaukar fanka uku da safe ya ɗauki injin niƙa da rana, inda kayan gyara ba lallai su zo daidai da na asali ba, shi ya fi kowa buƙatar tunanin na'ura a matsayin fili mai faɗi maimakon ɗigo.

Haka nan makarar da ba ta taɓa ninki. Idan aka sa na'urar sarrafawa ta dijital, ko ma'auni ya yi nisa da wurin aiki, saƙo yana ɓata lokaci a hanya. Zanen ninki na Bode ba ya ko motsi, a Nichols kuwa kana ganin layin yana jan jiki hagu, ɗigogin sauri sun fi na a hankali gudu. A misalinmu na K yana 2, jinkirin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa ya isa ya cinye digiri 33 ɗin nan kusan ƙaf. Tashoshin wutar ruwa irin Kainji da Shiroro suna da dangin wannan hali: idan aka ƙara buɗe ƙofar ruwa, ƙarfin injin yakan ɗan ragu tukuna kafin ya hau, saboda ruwan da ke cikin bututu yana da nauyi, ba ya ƙara gudu nan take. Wannan ma makara ce da ke tura layi wajen rijiya, kuma shi ya sa ba a saita gwamnan injin ruwa da gaggawa. Yaranmu ne za su riƙe waɗannan injuna.

Inda zan bi Malam shi ne wajen yadda muke koyarwa. Idan abin da ya gani shi ne ɗalibai suna kwana suna lissafa ɗigo talatin da kalkuleta, suna dasa su ɗaya bayan ɗaya a kofen taswirar da ya dushe har zobban ba sa karantuwa, su miƙa a ba su maki ba tare da an tambaye su me layin ke cewa ba, to yana da haƙƙin ya gaji, ni ma na gaji. Wannan ɓangare a bar wa kwamfuta. Ɗigo biyar ko shida da hannu sun isa ɗalibi ya san daga ina layin ya fito. Sauran lokacin a ba shi layi a kan leda da taswira a ƙarƙashi, a ce ya zame har ya shafi zoben desibel 3, ya faɗi K. A ba shi layuka biyu masu rarar ninki da rarar makara iri ɗaya, a tambaye shi wanne zai yarda ya sa wa hannu. A ba shi layin da ya rungumi rijiya, a tambaye shi abin da zai faru idan ninki ya faɗi da rabi. Wannan ba ya cin makonnin da Malam ke ƙorafi a kai, zama biyu ne da gwaji ɗaya.

Ranka ya daɗe, motar nan da faifanta da siririyar sandarta suna nan a ɗakin gwajinmu, ban bari an kwance su ba. Idan hanya ta biyo da kai, ka zo mu ɗora mata nauyi, mu buga lambobin Bode a allo ɗaya, mu ɗora ninki a kan makara a ɗaya allon, sannan mu kira ɗalibin aji huɗu wanda bai san labarin ba mu tambaye shi daga ina kukan yake fitowa.